Zan tafi gida Sallah, hankalina yana kan shago

Tambaya:

Assalamu alaikum Baba. Ina da shagon waya a nan Jos, a ɗaya daga cikin layukan da ke bayan Ahmadu Bello Way, kusa da Taminus. Ina sayar da sababbin wayoyi da na hannu, da caja da su fawa bank, akwai kuma teburin gyara a ciki. Shekarata shida a wurin. Bara da Babbar Sallah aka shiga shagon maƙwabcina ta silin aka kwashe shi tas, har yau bai miƙe ba. Ni Allah ya tsare, don ban je ko'ina ba. To bana Hajiyarmu ta ce lallai in kai mata jikokinta Funtuwa, shekara uku rabona da yin Sallah a gida. Ina so in yi kwana goma. Yarana biyu ne a shago, ɗaya ƙanin matata ne, kuma gaskiya a 'yan watannin nan lissafi ba ya cika, zuciyata tana raya min abubuwa a kansa. Maigadin layinmu dattijo ne, kuma shi kaɗai ne. Wani ya ce in sa kyamara, wani ya ce in bar yaro ya riƙa kwana a ciki, wani ya ce in yi addu'a kawai in kama hanya. Duk abin da na mallaka yana cikin shagon nan, har da kayan mutane na bashi. Yaya zan yi?

Mai shago, Jos

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana.

Ka tafi. Na sa wannan a gaba ne don kada ka ga tsawon amsar ka zaci hanyar hana ka nake nema. Shekara uku Hajiya ba ta ga ɗanta a kan tabarmarta ranar Sallah ba, ta kuma buɗe baki ta kira, ai magana ta ƙare. Abin da ya rage shi ne yadda za ka bar shagon, kuma ka kyauta da ka rubuto da sauran lokaci. Da yawanmu sai ranar jajibere bayan la'asar, mota na jira a tasha, sannan muke tunawa kwaɗo ɗaya ya daina kamawa da kyau.

A duk wasiƙarka magana ɗaya ce ta tsaya min a rai, inda ka ce duk abin da ka mallaka yana cikin shagon. Nan ciwon yake. Kyamara da kwaɗo da maigadi duk za mu zo kansu, amma ka sani babu ƙofar da ba ta buɗuwa in an ba mutum dare uku a layin da babu kowa. Abin da yake hannunka kai kaɗai shi ne abin da zai tarar in ya shiga.

Bari in fara ba ka nawa labarin. Shekarun baya, lokacin ina sayar da yadi, na rufe shago na tafi Ƙaramar Sallah da kwaɗo uku a ƙofa, manya, irin waɗanda in ka ɗauka sai ka ji nauyinsu a hannu. Bayan kwana biyar na dawo na same su yadda na bar su, har da ƙurar hunturu a kai. Ina buɗewa ina hamdala. Da na tura ƙofa, abin da na fara gani garin silin ne fari a kan tebur, kamar an zubar da fulawa. Na ɗaga kai, ga rami baƙi ƙirin daidai faɗin kafaɗar mutum. A kan kanta ta biyu akwai sawun ƙafa, babu takalmi, ƙaramar ƙafa ce ma, ta yaro. Shadda babu ko bandir ɗaya, manyan atamfofi babu ko turmi. Masu arahar kuwa ko taɓa su ba a yi ba. Sun san abin da suka zo nema, sun kuma san kantar da yake. Daga baya muka gano shagon da ke jikin nawa, wanda ya daɗe babu kowa, wani ya kama shi haya 'yan makonni kafin Sallah. Benci ɗaya da kwalaye kawai ya taɓa kawowa, ba mu sake ganinsa ba.

Tunda ka ce ta silin aka shiga wa maƙwabcinka, to gemunsa ya kama wuta tun bara, kai ne har yanzu ba ka shafa wa naka ruwa ba. Gobe da safe ka ari tsani da tocila, ka ɗaga silin ɗaya ka leƙa da idonka, kada ka aiki yaro. Abin da za ka duba shi ne bangon da ya raba ka da na kusa da kai: ya kai har kwano, ko a silin ya tsaya? A layukan shaguna da yawa da aka gina don haya, mai gini yana tsayar da bulo ne daidai silin don ya rage kashe kuɗi, sai saman ya zama hanya ɗaya miƙaƙƙiya daga farkon layi har ƙarshe. Wanda ya samu shiga shago ɗaya ya shiga duka. In haka ka tarar, ka kira mai walda ya shimfiɗa ragar rodi a saman shagon gaba ɗaya, a kafe ta cikin bango, da tazarar da ko kan yaro ba zai wuce ba. Ka yi wa mai ginin magana ko zai cire maka wani abu daga kuɗin haya. In ya ƙi, ka yi da kuɗinka. Ka kalli abin da ke cikin shoglas ɗinka za ka ga ba abin ja-in-ja ba ne.

Daga nan ka zagaya baya. Mu 'yan kasuwa gaban shago muka sani, wani zai shekara goma bai taɓa ganin bayan shagonsa ba, alhali ɓarawo ta nan yake fara zagaye. Akwai lungu? Akwai kango, ko tarin shara, ko tankin ruwa da mutum zai taka ya hau kwano? Bulo mai inci shida, mai rami a ciki, ba ya jure guduma da yawa. Ka kuma lura da lokacin. Sallah tana ja da baya kwana 10 ko 11 kowace shekara, kuma a 'yan shekarun nan Babbar Sallah cikin damina take faɗowa. Ka san ruwan Jos in ya sauko da dare a kan kwano, kiran sallah a lasifika ma da ƙyar kake ji, balle ƙarar guduma a bayan layi. Maigadi yana can ya raɓe inda ba zai jiƙe ba. Masu rufewa a Disamba don Kirsimeti kuwa, sanyi da ƙarar nokawut ɗin yara ne ke yi wa ɓarayi wannan hidimar.

Ƙofa kuma, kada nauyin kwaɗo ya ruɗe ka yadda ya ruɗe ni. Almakashin yanka rodi wuyan kwaɗo yake nema, in ya samu wurin kamawa kafin ƙiftawa da bismilla an gama. Don haka a yi wa kowane kwaɗo gida, wato mai walda ya haɗa ɗan akwatin ƙarfe mai kauri da zai rufe shi, hannu da mabuɗi kaɗai ke shiga ta ƙasa. Ka duba kunnen ƙofar da kwaɗon ke ratayawa, sau da yawa shi ne ragon, ɗigon walda biyu ne kawai ke riƙe da shi. Ka duba hinjin ƙofar ma, in a waje yake ana iya sare shi a ɗage ƙofar da kwaɗonta a jiki. Sannan ka ƙirga mutum nawa ne suka taɓa riƙe mabuɗin nan cikin shekara shida, har da yaron da ya bar aiki tuntuni, da wanda ka aika ya buɗe ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai. Yanka mabuɗi aikin 'yan mintuna ne a kasuwa. Ka sayi sababbin kwaɗuna kafin ka tafi.

To mu koma kan ciwon. Ka fi mai firji da mai buhunan shinkafa sa'a, domin mafi tsadar jarinka zai shiga jaka biyu. Na san kwanakin kafin Sallah su ne kakar ɗan kasuwa, ba zan ce ka zauna babu kaya ba. Amma babban sari na ƙarshe ka yi shi da wuri yadda zai ƙare kafin jajibere, kada ka sauke sabon kaya ana gobe za ka rufe don kawai dila ya ce maka farashi zai tashi. Abin da ya rage na manyan wayoyi, ka fitar da shi daga shagon.

Ina za ka kai? Gidanka dai a'a, tunda da iyali za ka tafi, gidan ma zai zama kango na kwana goma, kuma duk unguwa ta ga kun shiga mota da akwatuna. Hanya ma a'a. Kada ka ɗora jarinka a but ka bi ta Saminaka da Pambeguwa zuwa Zariya da shi, ga yara a mota. Ka nemi dattijo ɗaya ko biyu da ka yarda da su, waɗanda a Jos za su yi Sallah, gidansu kuma ba ya rabuwa da mutane. Ka raba kayan gida biyu. Ku ƙirga tare, a rubuta, kowa ya riƙe takarda. Wannan kariya ce gare shi kamar yadda take gare ka, kuma mai amana na gaske ba ya jin haushin ƙirga. Yadda za ka kwashe ma abin lura ne. Kada ka tsayar da Keke a ƙofar shago ranar jajibere ana loda kwalaye masu hoton waya kowa yana kallo. Kaɗan-kaɗan cikin kwana uku ko huɗu, a jakar Bako ko jakar goyo irin wadda ka saba shigowa da ita, kai da kanka.

Wayoyin gyara su ne suka fi ba ni tsoro, don ba naka ba ne. Tun mako guda kafin tafiya ka fara kiran masu su, wanda aka gyara ya zo ya karɓa, wanda ba a gyara ba ya zo ya ɗauka ko ya yarda a tafi da ita ajiya. A mazhabar Malikiyya da muke bi, malamai sun yi magana a kan mai sana'ar da ake ba shi kayan mutane ya yi aiki a kai, irin su tela da maƙeri, cewa in kayan suka salwanta lamuninsu yana wuyansa, sai in ya kawo shaidar cewa ba sakacinsa ba ne. Ka tambayi malamin unguwarku ya faɗaɗa maka. Ko ba don wannan ba, wayar mutum yanzu da hotunan iyalinsa da asusun bankinsa a ciki, biyan kuɗin waya ba ya rufe wannan ɓarakar. Kayan bashi kuma ka kira dilan ka faɗa masa gaskiya za ka rufe, ko ya karɓi abinsa ya ajiye ko ku yi magana a kan inda zai kwana.

In ka gama, ka bar shoglas wayam, ka bar durowar kuɗi a buɗe babu komai. Wanda ya leƙa ya ga haka, jikinsa yana sanyi. Wanda ya shiga kuma ba zai fasa maka gilashi da katako yana neman abin da babu ba.

Kuɗi ba sai na daɗe a kai ba. Hutun Sallah da Gwamnatin Tarayya ke bayarwa galibi kwana biyu ne, in ya haɗu da Asabar da Lahadi banki zai yi kwana huɗu a rufe, don haka cinikin kwanakin ƙarshe ya shiga asusu kullum kafin a tashi. Na'urar POS ta bi ka. Layin da ke haɗe da asusun shago kada ya kwana a wata ƙaramar waya cikin durowa, domin wanda ya samu layin yana iya neman hanyar asusun. Ka tafi da shi, ka kuma sa masa lambar sirri ta kan layin kansa. Littafin bashi ka ɗauki hoton kowane shafi. Sai abin da kai ka fi ni sani amma na tabbata ba ka yi ba: lambar IMEI, wato lambar shaida ta kowace waya da ke shagon, wadda ke jikin kwali ko take fitowa in an danna *#06#, a rubuta ta da sunan wayar a ajiye a imel ɗinka tare da hotunan rasit ɗin sari. Ranar da abu ya faru, wannan takardar ce bambancin mai ƙara da mai kuka.

Yanzu ƙanin matarka. A nan zan ɗan ja maka kunne. Ka ce lissafi ba ya cika. Akwai lissafin ma tukuna? Ina nufin a rubuce, abin da ya shigo da abin da ya fita kullum. Na ga masu shago da yawa da suke sa hannu a durowa su ɗauki na cefane, su ɗauki na mai, su ba aboki caja kyauta, ƙarshen wata kuma su zauna suna hararar yaro. Yara biyu ne a shagon, kai na uku, me ya sa zuciyarka ta zaɓi shi? Wataƙila kana da dalili, wataƙila kuma don shi ne wanda ba ka iya yi wa tsawa ba. Zato zunubi, kuma wannan zaton in ya fita daga bakinka ba a shago zai tsaya ba, har ɗakin matarka zai shiga, har gidan surukanka. Kashin kajin sata in aka shafa wa yaro, ko an wanke wari ba ya fita.

Abin yi shi ne ku zauna ku uku kafin rufewa ku ƙirga komai, daga waya har igiyar caja, a rubuta kowa ya sa hannu. Ka ce musu daga yau haka za a riƙa yi duk ƙarshen mako, doka ce ta shago. In akwai mai ɗauka, ƙirga za ta hana shi ko ta tona shi ba tare da ka kira sunan kowa ba. In babu, ka huta da zargi. Kuma kada ka yi kuskuren ba shi mabuɗi don ka gwada shi. In yana da gaskiya ka jefa shi cikin hatsari, domin duk abin da ya faru a kwanakin nan shi za a kalla. In ba shi da ita ka miƙa wa kura ajiyar nama.

In kana so shagon ya riƙa buɗewa bayan kwana uku na Sallah, kuma ina ganin hakan ya fi a bar shi kwana goma a garƙame, to a bar musu ƙananan kaya da aka ƙirga, caja da iyafis da gilashin fuska, su riƙa juyawa. Mabuɗin ya zama hannu biyu: kwaɗo ɗaya a wurin yaran, ɗaya a wurin wani babba a layin, babu mai iya buɗewa sai da ɗaya. Ka kuma sallame su da haƙƙinsu da goron Sallah kafin ka tafi. Yaron da ya ga maigida ya ɗinka wa 'ya'yansa kala uku-uku, shi ko hula ba a saya masa ba, ko bai ɗauka ba bakinsa zai yi magana a teburin mai shayi.

Bakin nan shi ne ƙofar da ba a sa wa kwaɗo. Da ɗan gari akan ci gari, amma sau da yawa ɗan garin bai ma san da shi aka ci ba. Hira ce kawai: oga ya sauke kaya jiya, oga zai tafi Funtuwa sai bayan kwana goma. Kai ma kana cikin masu wannan hirar in ka sa hoton mota a sitatus ɗin WhatsApp ka rubuta Allah ya kai mu lafiya, ko ka manna takarda a ƙofa cewa za a buɗe ranar kaza. Kwastoma nawa ne ke da lambarka, ka san su duka? Hotunan Sallah su jira ka dawo. Wanda ya tambaye ka yaushe za ka dawo, ka ce kwana biyu za ka yi. Hausa ta yi mana gata, kwana biyunmu ba shi da iyaka, ba ka kuma yi ƙarya ba. Labari ɗaya ne zan so ya bazu a layin, shi ma bayan ka gama kwashewa: cewa babu komai a shagon. Inda kayan suke kuwa, ko yaran kada su sani.

Wanda ya ce ka bar yaro ya riƙa kwana a ciki, ka ce masa ya kawo ɗansa. Masu fasa shago ba hannu sake suke zuwa ba, kuma yaro ɗaya cikin duhu ba abin da zai iya sai ya zama gawa ko abin zargi. Ga shi za a kulle shi ne a ɗakin da ka cika da rodi sama da ƙasa, in wuta ta tashi ta ina zai fita? In sanyi ya dame shi ya kunna gawayi, ko ya jawo janareta ciki, hayaƙin kaɗai yana kashe mutum cikin barci. Haka masu jona wa ƙofa wutar lantarki: almajirin da ya raɓe wa ruwan sama za ta fara kamawa, kai kuma ka ƙare a kotu.

Dattijon maigadinku, ka taɓa tambayarsa nawa ake biyansa, da ko na watan jiya ya shigo hannunsa? Shi ma yana da Idi da iyali, wa zai tsaya masa ranar? Ku haɗu ku masu shagunan layin, tun yanzu, ku yi karo-karo ku ƙara masa mutum ɗaya mai jini a jika na kwanakin nan, wanda aka san gidansu da wanda ya tsaya masa. In ta kamfani za ku ɗauka, hukumar Sibil Difens ce ke rajista da sa ido a kan kamfanonin gadi masu zaman kansu, ku nemi ganin takardarsu. Ku saya musu tocila mai kyau, da usur, da rigar ruwa, da katin waya, a kuma san wanda zai riƙa kai musu abinci da naman Sallah. Daga can Funtuwa ka riƙa kira a lokacin da ba a zata ba, yau sha ɗayan dare, gobe bayan asuba. Shugaban layinku kuma ya sanar da 'yan sintirin yankin da ofishin 'yan sanda mafi kusa cewa daga ranar kaza zuwa kaza layin zai yi shiru, ya karɓo lambar da ake ɗagawa da dare. Akwai 112, lambar gaggawa ta ƙasa, kyauta ce, amma lambar mutumin da ya san fuskarka ta fi saurin kawo ɗauki.

Jos tana da wata ni'ima a wannan fanni da mu kanmu ba mu cika lura da ita ba. Ranar da kai ka rufe don Sallah, maƙwabcinka Inyamuri ko Birom ko Angas yana buɗe. A Disamba shi zai rufe, wani ma ya tafi gida kudu sai Janairu, kai kana nan. To me ya hana ku ƙulla? Ka duba min yanzu, in duba maka da Kirsimeti. Abin da za ka roƙe shi kaɗan ne: kowace safiya ya kalli ƙofarka da kwaɗunan, ya turo maka hoto, ya sa yaronsa ya haɗa da gaban shagonka in yana shara, don tarin leda da ƙura a bakin ƙofa su ke shelar cewa mai wurin ya yi nisa. In ya ga baƙon da ya kama shago a layin dab da Sallah bai kawo kaya ba, ya yi magana. Sai dai ka lura da Lahadi, ranar shi ma yana coci, layin babu kowa dare da rana. Ita ce ranar da masu gadi za su fi buɗe ido.

Kyamara ka sa, amma ka san abin da ka saya. Ba ta kama kowa, kuma in sai ka dawo za ka zauna kallon yadda aka kwashe ka, ihu ne bayan hari. Masu fasa shago sun waye, suna rufe fuska, suna kuma tafiya da akwatin da ke naɗar hoton in sun gan shi a kan kanta. Ka nemi irin mai batir ko sola wadda ɗauke wuta ba ya kashe ta, mai layi a ciki da ke turo maka sanarwa a waya in ta ga motsi. Ɗaya a ciki tana kallon silin da ƙofa, ɗaya a waje daidai tsayin da za ta ɗauki fuska, don wadda aka maƙala can sama hula kawai take nuna maka. Ka gwada ta da dare kafin ka tafi, ka zuba mata datar da ba za ta ƙare a rana ta huɗu ba. Sannan ka amsa wannan tun yanzu: in ta yi ƙara ƙarfe biyun dare kana Funtuwa, wa za ka kira, kuma zai ɗaga?

Wuta ma ɓarauniya ce, ta kuma fi kowane ɓarawo rashin imani. Duk wanda yake Jos a Fabrairun 2002 ya ga yadda babbar kasuwar Taminus ta ƙone, mutane suka kwana da dukiya suka tashi babu. Shagonka cike yake da batura da fawa bank. Ka zare komai daga soket, ka kashe wutar shagon daga tushe, ka bar kyamara a kan batirinta.

Akwai inshora, in kuma zuciyarka ba ta kwanta da ita ba akwai takaful da aka tsara bisa shari'a, irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful, duka hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ce ke ba su lasisi. Kafin ka sa hannu ka sa a karanta maka sharuɗɗan da Hausa. Galibin inshorar fasa shago sai an ga alamar an shiga da ƙarfi take biya, in da mabuɗi aka buɗe ko yaron shago ne ya ɗauka, wannan wani tsarin ne daban. Tsabar kuɗi ma daban ake yi musu. Ka tambaya ko akwai iyakar kwanakin da za a bar shago a rufe, ka kuma tambaya game da tarzoma, domin mu a Jos ba hutu kaɗai ke rufe mana shago ba. A Agustan 2024 ma sai da aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Jos da Bukuru bayan an fasa shaguna lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa. Kuma ba za su biya abin da ba ka da rasit ɗinsa ba.

In Allah ya ƙaddara abin ya faru duk da haka, wanda ya fara gani kada ya shiga ya yi ta taɓe-taɓe. A ɗauki hotuna, a kai rahoto ofishin 'yan sanda a karɓi takarda, a miƙa jerin lambobin IMEI gare su da kuma shugabannin 'yan waya na Jos, su tura wa takwarorinsu na kasuwannin waya na Farm Centre a Kano da Banex a Abuja, don wayar sata ba ta cika kwana a garin da aka sace ta ba. Kada ka je wurin boka ko mai duba. Sunan wanda kake zargi zai karanta a fuskarka ya maimaita maka, ka biya shi kuɗi ka rasa suruki. In kuma an kama wani, a miƙa shi ga hukuma da ransa.

Addu'a kuwa ka yi, ka ƙara. Wanda ya ba ka shawarar bai yi kuskure ba, rabin hadisin ne kawai ya manta, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali.

In ka isa Funtuwa ka gaishe min da Hajiya. In kana zaune gabanta ka mayar da wayar nan aljihu, leƙa kyamara sau ɗaya da safe sau ɗaya da dare ya isa.